Hoton kusa ko hoton fili: wanne ne ke nuna daji na ƙarewa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son ɗaukar namun daji don mutane su ga yadda mazauninsu ke lalacewa, sai dai ka rasa wanne za ka kama: tara kuɗin dogon idon kyamara mai zuƙowa, ko amfani da mai faɗin da ke hannunka. Bari mu auna su da raƙuman dawan Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. A 1996 wajen 50 kawai suka rage, daga baya suka haura 600, amma dajin geza da sabara da suke kiwo a ciki yana ta shan sara saboda itacen girki da gonakin gero.

Dogon ido, milimita 400 zuwa 600, shi ke kawo hoton da ake ratayewa a bango. A kyamara mai cikakken faifai (wato wadda faifan da ke kama hoto a cikinta babba ne, “full frame”), in ka tsaya mita 30 daga raƙumin da milimita 400, tsayin abin da zai shiga hoton bai kai mita 2 ba: kai, gashin ido, dogon harshe yana tsinkar ganyen gawo. Buɗe ƙofar haske, wato kafar da haske ke shiga ta idon kyamara, zuwa f/5.6 (ƙaramar lamba na nufin babbar kafa), ka saita kan idon dabbar, saurin ƙyaftawar kyamara kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, in tana tafiya 1/1000. Abin da ya fi ɓata shi girgizar hannu ce, sai tururin zafi da ke tashi daga ƙasa da hantsi, wanda ke sa hoton dishi-dishi komai tsadar kayanka. Shi ya sa ake fita da sassafe ko bayan la'asar.

Amma ga inda yake cutar manufarka. Buɗaɗɗiyar ƙofar nan tana narkar da duk abin da ke bayan dabbar ya zama launi mai laushi. Kututturen da aka sare, tarin itace a bakin titi, karan gero, duk sun ɓace. Mai kallo zai ce masha Allah, ya wuce yana zaton daji lafiya lau.

Ido mai faɗi, milimita 24 zuwa 35, akasin haka yake yi. Daga mita 30 ɗin nan, milimita 35 zai ɗauko tsayin kusan mita 20, raƙumi mai mita 5 ya ci kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuwa ƙasarsa ce. Tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11 don na kusa da na nesa su fito tar. Durƙusa ka sa kututture a gaba-gaba, kamar mita 2 daga gare ka, sawun gatari na bayyane, dabbar kuma a bayansa. Ka jira wuyanta ya fita kan sararin sama, domin in ya haɗu da itace ɓacewa yake. Wannan ya fi na farko wuyar tsarawa, gaskiya, don duk tarkacen da ke wurin sai ya shigo. Kuskuren da aka fi yi shi ne nisa: a mita 100 raƙumin ya koma ɗigo. Kuma ba a magance shi da bin dabba a guje, sai dai ka lura da inda garken ya dosa, ka riga shi, ka zauna shiru tare da ɗan jagora.

A ganinmu, tunda ɓarnar daji kake son nunawa, fara da mai faɗin. Babban idon wayar hannu ma yana daidai da wajen milimita 24 zuwa 26, ya isa. Ƙarfinsa na gaske yana cikin maimaitawa: ka zaɓi wuri ɗaya, ka rubuta lambobin GPS, tsayin mariƙi mai ƙafa uku da kusurwar da ka fuskanta, ka sa dutse ko tudu da ba ya gusawa a gefen hoton, sannan ka riƙa dawowa a wannan watan dai kowace shekara. In ka jera hoton damina da na rani ka ce daji ya ƙare, masu sani za su ƙaryata ka, kuma da gaskiyarsu.

Dogon ido sai ya zama dole in tsuntsaye ka nufa, kamar masu ƙaura daga Turai zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ko a can, tsuke ƙofa ka bar ciyawar ta fito.

Da hunturu kada ka sauya ido a fili, ƙura za ta zauna kan faifai ta bar ɗige-ɗige a kowane hoto, musamman a f/11. Wajen gyara, ka daidaita haske kawai, kada ka goge ko ƙara komai. Kafin ka wallafa hoton dabbar da mafarauta ke nema ko sheƙar tsuntsu, cire bayanan GPS daga cikinsa, ka rubuta sunan yanki da wata da shekara a ƙasa.