Sifanonin akwatin marigayi: wacce ce ta Ingila, wacce ce 'yar Caina?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Aboabo, a Kumasi, ya turo hoton kayan da ya tarar a akwatin mahaifinsa, Allah ya jiƙansa da rahama: sifana biyu falle-falle masu baki da yawa, irin waɗanda ake sakawa a 'yar jakar bayan sirdin keke, da ƙaramar shiftin guda, wato sifanar da ake buɗe bakinta a rufe daidai da noti. Ɗaya baƙa ce ƙirin, ba lamba a jikinta, tana da ƙugiya a gefe ɗaya. Ɗayar tana da sauran ƙyalli, da lambobi 8, 10, 13, 15, da hoton tsuntsu. Wani ɗan kwandam ya ce masa mai tsuntsun ce ta Raleigh, baƙar kuwa tarkace ce. Yana son sanin gaskiyar magana, kuma yana tambaya me ya sa sifanarsa mai lamba 13 da mai 15 ba sa kama notin tsohon Raleigh ɗin da marigayin ya bari.

Malam, amsar tambayarka ta farko tana cikin ta biyun, don haka da ta biyun zan fara.

Kekunan Ingila na da, su Raleigh da Hercules da Phillips da BSA, ba da milimita aka ƙera notinsu ba. Girman kan notin ya biyo tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, kuma abin da ke rikita mutane a tsarin nan shi ne, lambar da ke jikin sifana ba faɗin bakinta take nunawa ba, kaurin kusar da notin ke hawa take nunawa. Ɗauki sifanar da aka rubuta wa 1/4 W, wato kwatan inci a awon Whitworth. Kwatan inci bai wuce milimita 6 da 'yan kai ba, amma in ka auna bakinta za ka samu milimita 13.3. Mai 5/16 W bakinta 15.2 ne, mai 3/16 W kuma 11.3. To ka ga inda gizo ke saƙar. Lamba 13 ba ta shiga noti mai 13.3. Ka koma 14, ta yi masa yawa, kana matsawa ta zame ta cinye kusurwa. Haka 15 take yi da mai 15.2, sai dai in bakinta ya riga ya buɗe don tsufa. Duk tsohon keken da ka gani notinsa sun mulmule, sai an sa filaya ko cizal kafin su kwance, aikin sifanar da ba tasa ba ne, kuma abin yana ba ni takaici, don notin nan ba a samunsu a kowane shago yanzu.

Saboda haka kafin ka dubi tsatsa ko tambari, ɗauki sifanonin biyu ka je wurin keken. Gwada su a notin ƙafar baya, da na sirdi, da ɗan notin kotafin da ke riƙe hannun feda. Wadda ta zauna daram ba ta girgiza, da awon keken aka yi ta. Daga abin da na gani a hoton, baƙar ce za ta zauna. Mai lambobi kuwa ta riga ta faɗi asalinta da kanta: 8, 10, 13, 15 milimita ne, kuma masana'antun keke na Nottingham da Birmingham ba su ba da sifanar milimita tare da irin wannan keke ba.

Tsuntsun ne ya yaudari ɗan kwandam ɗin, ko kuma shi ya so ya yaudare ka da shi. Tambarin Raleigh zalɓe ne, kuma kai da wuya kawai ake zanawa, da dogon baki. Na jikin sifanarka tsuntsu ne sukutum da doguwar jela a baje, wato na Phoenix, wanda ake yi a Shanghai. Sai a ƙarshen shekarun 1950 aka fara keke da wannan suna, bayan Ghana ta sami 'yanci a 1957, don haka mai ƙyallin ba ta kai wannan shekarar tsufa ba, ƙila ma ta yi ƙasa da haka nesa. Sauran tambarin da ya kamata ka riƙe: BSA bindigogi uku a jingine da juna, Phillips zaki, Rudge tafin hannu a buɗe. Sai dai sifanar jakar keke da yawa an yi su ba suna ba komai, shi ya sa rashin tambari a jikin baƙar bai rage ta da komai ba.

Wajen ƙira, su biyun hanya ɗaya aka bi. Daga fallen ƙarfe inji ya datse su, shi ya sa kaurinsu ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma in ka shafa gefen za ka ji ɓangare ɗaya sumul, ɗayan da ɗan kaifi. Bambancin yana wurin ƙarfen. Dubi bakin kowacce da kyau a rana. Ƙarfe mai kyau yana gogewa a hankali, bakin ya yi santsi amma layinsa biyu su tsaya a miƙe. Mai taushi kuwa bakin yana wagewa, gefen ya tattare ya yi leɓe. A hotonka bakin 15 na mai ƙyallin ya riga ya wage. Ba ina cewa duk abin da ya fito daga Caina banza ba ne. Phoenix da Flying Pigeon sun ɗauki buhunan masara da itace a hanyoyin Tamale da Bawku shekara da shekaru ba su gaza ba. Amma sifanar kyauta da ke zuwa da su, ba don aikin kullum aka yi ta ba.

Ƙugiyar da ke jikin baƙar ma shaida ce. Da ita ake kwance zoben da ke kulle kofin boris na tsakiya, inda hannun feda ke juyawa. Sirantakarta kuma da gangan ne, don ta shiga tsakanin kon, wato notin da boris ke juyawa a kansa, da notin da ke kulle shi a hob, cibiyar ƙafar keke, inda sifanar mota mai kauri ba ta shiga. Kada ka sa mata bututu ka danna a kan notin da ya ciza, lanƙwashewa za ta yi.

Akwai inda nake so ka yi hattara. Zaman sifana a notin Raleigh yana nuna awon Ingila ne, bai nuna lallai a Ingila aka yi ta ba. Masana'antun Indiya, irin su Atlas na Sonepat da Hero na Ludhiana, sun kwaikwayi keken Ingila har da awonsa, sun daɗe a kansa. Sannan ga ƙirar gida. Maƙeranmu na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, sun iya yanko sifana daga tsohon sifirin mota su gyara bakinta daidai da notin da aka kawo musu. Irin wannan za ka ga sawun magagari a cikin bakin, kaurin bai daidaita ba, kuma ba za ka sami biyu iri ɗaya ba. Ni ina girmama su ƙwarai, wasunsu sun fi na kanti ƙarfi. Abin da zai raba gardama shi ne rubutu. Jiƙa baƙar a kananzir ta kwana, ka goge da tsumma, sannan ka shafa alli a jikinta ka share da yatsa. In akwai "Made in England" ko "British Made" da dauɗa ta rufe, allin zai zauna a cikin haruffan ya fito da su.

Shiftin ɗin kuma, ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Iri biyu ake yawan gani. Akwai wadda kowa ya sani, mai kai a ɗan karkace da abin murzawa a ƙarƙashin baki. Wannan fasalin Johan Petter Johansson ne na ƙasar Suwidin, ya yi masa rajista a 1892, kamfanin Bahco ya yaɗa shi, kuma har gobe kowa na kwaikwayonsa, don haka siffarta ba ta nuna tsufa ko kaɗan. Taka ba irinta ba ce. Bakinta a gicciye yake da mariƙin, abin murzawar yana cikin mariƙin, tsawonta bai fi tafin hannu ba. Wannan tsohon fasalin Ingila ne da ake sa wa masu keke da babur. Waɗanda suka fi suna da shi su ne King Dick na Birmingham, masu tambarin kare, sai Lucas da tasu mai suna Girder. Yi mata aikin kananzir da allin nan ita ma. Rufe bakin ka ɗaga ta wajen haske: in haske bai ratsa tsakani ba, kuma muƙamuƙin ƙasa ba ya rawa, to kana riƙe da abin kirki.

In ka ga wata alama kamar kan kibiya mai layi uku, sau da yawa da shekara a gefenta, wannan hatimin kayan gwamnatin Ingila ne, galibi na soja. A Kumasi ba abin mamaki ba ne, tunda nan ne mazaunin rundunar Gold Coast Regiment a zamanin mulkin Turawa, kuma iyayenmu na zango da yawa sun je yaƙin Bama. Tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wanda ya yi soja. Amma an yi gwanjon irin kayan nan bayan yaƙin, don haka alamar kaɗai ba ta isa ta tabbatar ba.

Ga sauran 'yan'uwa masu irin wannan akwati, a taƙaice: sifana mai lamba biyu a baki ɗaya, kamar 1/4 W da 5/16 BSF, ta Ingila ce ko ta ƙasar da ta bi awonsu. Mai AF faɗin baki take nunawa da inci, ta aikin mota ce, irin tsofaffin Bedford da Land Rover. "Made in West Germany" yana tsakanin 1949 da 1990. Mai haruffa a kumbure da siririn layi a gefe, an buga ta ne da zafi a cikin mazubi, ta fi falle ƙarfi.

Batun sayarwa, Malam, kada kowa ya sa maka rai da dukiya. An yi irin sifanar nan da yawan gaske, duk keke da tasa. Ɗan kwandam a Akwatia Line da nauyi zai saya, nauyinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Shawarata ka bar baƙar da shiftin ɗin tare da keken, tunda su ne ke kwance shi ba tare da ɓarna ba. Kada ka kai su bakin giranda ko ka ci su da samfefa don su yi fari, baƙin nan shi ke kare ƙarfen, kuma rubutun da muke nema da shi zai tafi. Kananzir, burushi mai laushi, sai ɗan bakin mai. Mai tsuntsun kuma ta yi aikin keken yara.

Shekarar kuwa a jikin keken za ka neme ta. In mai giya uku ne, goge hob ɗin baya. Sturmey-Archer, masu ƙera irin wannan hob, a da suna buga lambobi biyu a ƙarƙashin sunansu, shekara da wata, misali 56 da 7 na nufin Yulin 1956. Turo mana hoton wurin, da na shiftin ɗin bayan ka shafa mata alli.