Kejin raga ko akwatin gilashi: wanne ya dace da hawainiya a Damagaram?

Akwatin gilashi ya fi kyan gani, kuma yana riƙe danshi, abin da ke da amfani lokacin hunturu. Amma a Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, iska ba ta ratsa shi, sai hawainiya ta galabaita. Gilashi kuma yana tare hasken ranar da ke ƙarfafa ƙashinta. Ga shi in ta ga inuwarta a jikinsa, ta ɗauka abokiyar gaba ce, ta wuni tana kumbura, launinta ya yi duhu.

Ni kejin raga nake zaɓa, mai tsayi, da rassa a ciki, a ajiye ƙarƙashin dalbejiya inda hantsi ke taɓawa. Kowane mai walda zai haɗa maka. Matsalarsa bushewa, don haka sai an fesa wa ganyen ruwa safe da yamma, tunda ba ta sha a kwano, ɗigon ganye take lasa.

Abinci dai ɗaya ne: fara da gyare masu rai, ba soyayyar farar Kasuwar Dole ba, kuma ban da na gonar da aka yi wa feshi.