Wata huɗu da masu jinyar gida a Garwa

Inna ta faɗi ne a bakin murhu, ranar wata Talata cikin watan Janairu, tana ƙoƙarin sauke tukunyar miya. Kwana 11 muka yi a asibiti. Ni ce gardi-malad, kamar yadda ake ce wa mai zaman jinya a nan Garwa, ina kwana a kan tabarma a gindin gado. Ranar da aka sallame mu ɓarinta na dama da ya shanye bai dawo ba, magana kuma sai an kasa kunne. Likita ya rubuta magani, ya ce a riƙa juya ta, a kula da cimarta, ya wuce gado na gaba. Ban ga laifinsa ba, layi yana jiran sa. Sai dai ba wanda ya nuna mana inda ake kama mutum idan za a juya shi.

Mako uku muna yi da ka, ni da ƙanwata da matar Yaya, har ran da muka ga fata ta saɓule a ƙugunta, daidai ƙashin da mutum yake kwanciya a kai, faɗin bai wuce kwandala ba. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyar da ilimin halittu ta ba ni lambar wasu ma'aikatan jinya da suka haɗa kai suna bi gida-gida. Ba zan ambaci sunansu ba, domin zan yaba, zan kuma yi ƙorafi. Sharaɗinsu: zuwa uku a mako, jaka biyar kowane zuwa, wato sefa 5,000, auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo namu ne, biya ta waya a ƙarshen mako. Suka kuma ce layinsu a buɗe yake dare da rana. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wadda aka turo mana mace ce mai kimanin shekara 40, ba ta da yawan fara'a. Ta ajiye babur ɗinta a zaure, ta nemi buta da sabulu kafin ta taɓa komai, sannan ta durƙusa ta ce, "Hajja, ina kwana? Zan duba bayanki, kin yarda?" Ta jira sai da Inna ta ɗaga kai. Wannan jiran ya shiga raina, don mu 'ya'yanta mun daina tambayar ta, sai dai mu ɗaga mu ajiye.

Da ta yaye zanen sai ta ga gammon da Goggo ta naɗa da tsohon zane ta sa a ƙarƙashin ciwon, wai don kada ya taɓa katifa. Ta zare shi ta miƙo min. Ta ce gammo na ɗaukar tulu ne; a jikin majinyaci yana matse gefen wurin ne ya hana jini isa tsakiya. Tausa da man zafi da muke yi a kan ƙasusuwa ma ta ce a daina, yana ƙara ɓata naman da ke ƙasa. Goggo ta ɓata rai har la'asar. Daga nan ta kama yatsana ta ɗora a kan dunduniyar Inna ta dama, ta sake ɗorawa a ta hagu. Ɗaya ta fi ɗumi, ta fi tauri, launinta ya ɗan yi duhu kamar ɗinya. Ta ce, "Adda, a littafi an ce a nemi ja. A fatarmu ja ba ya fitowa. Da hannu za ki gane, kuma ki duba da hasken rana, ba da tocila ba." Wato ciwo na biyu yana hanya, ba mu sani ba. Ta sa matashi a ƙarƙashin sharaɓar yadda dunduniyar za ta tsaya a iska.

Ta ciro wata takarda da aka lulluɓe da leda, tana dubawa tana ba da maki. Da na tambaya ta ce ma'aunin Braden ne. Daga baya na karanta a kansa: wasu ma'aikatan jinya biyu 'yan Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fitar da shi a 1987. Abu shida yake dubawa: ko majinyaci yana jin zafin danniya, yawan laimar jikinsa, ko yana tashi, ko yana iya motsawa a kan gado, cimarsa, da gogayyar fata da shimfiɗa. Maki daga 6 zuwa 23, ƙarancinsa shi ne hatsari. Inna ta samu 12. Abin da ya burge ni shi ne yadda lambar ta koma aiki nan take. Laima ta ja makin ƙasa, sai aka cire ledar da muke shimfiɗawa kai tsaye, aka sa zanen auduga ninki biyu a kanta. Gogayya ta ja shi ƙasa, sai ta koya mana ɗaga Inna da zane, mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, maimakon jan ta ta hammata. Cima ta ja shi ƙasa, sai aka shigo da ƙwai, kindirmo, wake da kifin madatsar ruwan Lagdo da aka cire wa ƙaya.

Sai littafi. Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, ta ja layi huɗu da biro: lokaci, ɓangaren da aka kwantar, abin da aka ci, sunan wanda ya yi. Juyi duk awa biyu, kuma ba a kife ta gaba ɗaya a kan ƙugu ba, a ɗan karkata ta ne a tokare bayan da matashi. Da yake matar Yaya ba ta damu da agogo ba, sai aka rataya abin a kan salla: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha'i, da juyi ɗaya a tsakanin waɗanda suka yi nisa da juna. Dare ne ya gagara. Na je na tono wani bincike na 2013, na ita Bergstrom ɗin da abokan aikinta, a gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Kanada, inda ba a ga bambanci ba tsakanin juyin awa biyu, uku da huɗu. Na kawo mata shi ina murna, na ce ashe za mu iya barci. Ta ce ta san shi, amma a kan katifa mai soso na musamman aka yi, "ke kuma katifarki ta kasuwa ce, ga Maris yana tafe." Ta yi gaskiya. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, zanen Inna yana jiƙewa cikin awa ɗaya. Duk da haka ta sassauta mana zuwa awa uku da dare bayan mun sayi katifa mai kyau. Ina son ma'aikacin da za a kawo masa hujja ya saurara, ko da zai ƙi.

Batun abinci ma ta gyara mana. Mu a tunaninmu mara lafiya ruwa-ruwa ake ba shi, sai muna tsinka kunu muna ɗura mata tana kishingiɗe, tana tari muna cewa sannu. Ashe tarin nan alama ce abin yana bin hanyar numfashi, kuma daga nan ciwon huhu yake kama masu shanyewar jiki. Ta zaunar da Inna sosai, ta dama kunun gyaɗa da kauri har yana riƙe cokali, ta ce rabin cokali, a jira ta haɗiye, a leƙa kuncin dama ko abinci ya maƙale, a bar ta zaune rabin awa bayan ta gama, a goge baki safe da yamma. Dunƙule ta ce a rage, gishirin yini duka kada ya kai ƙaramin cokali. Awon hawan jini kuwa tana rubuta shi a bayan littafin. Daga 17 bisa 10, wato 170 bisa 100, ya sauko 14 bisa 8 a wata na biyu.

Yanzu ga ƙorafin.

Daga wata na uku abubuwa suka fara lalacewa. Zuwan ƙarfe tara ya koma ƙarfe ɗaya. Sau huɗu aka turo mana wasu ba tare da an sanar da mu ba. Ɗaya daga ciki yarinya ce da alama ba ta daɗe da gama makaranta ba; ba ta buɗe littafin ba, ba ta gai da Inna ba, ta ɓare bandeji a bushe har wurin ya yi jini, wayarta tana maƙale a kafaɗa tana magana da wani gidan. Kuɗin kuma jaka biyar ne cif. Wani dare jikin Inna ya yi zafi, na kira layin nan na dare da rana sau bakwai, ba a ɗauka ba. Mai babur na tsayar da asuba na je na ɗauko wani ma'aikacin asibiti da ke unguwarmu. Washegari suka ba da haƙuri, wai wayar tana caji. Haƙurin na karɓa, amma kada a yi alkawarin abin da ba a tanadi mutum dominsa ba.

Da tamu ta dawo na tsare ta. Ta ce gidaje sun yi yawa, ranar nan gida 11 ta shiga, daga Yelwa har Jambutu, mutum bai ƙaru ba. Ban yi mamaki ba. Tun 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya, suka ga duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana zuwa da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwa cikin kwana 30 ga waɗanda aka yi wa tiyata. A 2014 aka sake samun kusan wannan adadi a ƙasashe 9 na Turai. Waɗannan asibitoci ne, ba tsakar gida ba, na sani. Amma na ga yadda abin yake faruwa da idona: mace ɗaya ce, iliminta bai ragu ba, sai dai a watan Fabrairu tana duba dunduniya da bayan kunne, a watan Afrilu tana canza bandeji tana kallon ƙofa.

Akwai abu ɗaya da ta yi wanda ba ya cikin sharaɗi, shi ya sa ban sallame su ba. Wata rana tana duba littafin sai ta ga sunana a kowane layin dare, makonni a jere. Ta rufe ta ce, "Ke yaushe kike barci?" Na ce alhamdu lillahi. Ta ce ba haka ta tambaya ba. Ta yi min wasu tambayoyi daga cikin 22 na ma'aunin Zarit, wanda ake auna nauyin da ke kan mai jinya da shi. Ɗaya ta ce: kina jin haushi idan kina kusa da ita? Wace 'ya ce za ta amsa wannan a kan uwar da ta haife ta? Na yi shiru, hawaye suka amsa. A makon nan na yi wa Inna tsawa don ta zubar da kunu, ban gaya wa kowa ba. Ta ce ba rashin tarbiyya ba ne, rashin barci ne, kuma an daɗe da sanin jinya tana cin mai yin ta. Gaskiya ne, binciken Schulz da Beach na 1999 ya bi tsofaffi masu jinyar mazansu ko matansu shekara huɗu, waɗanda suka ce abin ya yi musu nauyi hatsarin mutuwarsu ya fi na tsofaffin da ba sa jinyar kowa da kashi 63 cikin 100.

Ta jira Yaya ya dawo daga kasuwa, ta same shi a zaure da littafin a buɗe. "Alhaji, duba nan. In wannan ta kwanta, majinyata biyu za ku biya min." Yaya mutum ne da yake ganin ya gama nasa in ya biya kuɗin magani. Ya juya shafi uku bai ce komai ba. Daga makon aka raba dare: biyu nawa, biyu na ƙanwata, biyu na matarsa, daren Juma'a shi da babban ɗansa, su ne masu ɗagawa, matarsa tana gyara shimfiɗa. Da ni na faɗa da an ce na gaji da uwata.

Ciwon ƙugu ya rufe a mako na tara, dunduniyar ba ta taɓa fashewa ba. Mun rage zuwan nasu ya koma sau ɗaya a mako. Wanda zai ɗauke su ya tambaya tun farko gida nawa ma'aikaciyar take bi a yini, ya nemi a rubuta cewa mutum ɗaya za a riƙa turowa, ya kuma gwada layin daren da kansa kafin ya buƙace shi. Kuma ya tsaya a ɗakin duk lokacin da suka zo, don awa uku ce kawai a mako take hannunsu, sauran duk naku ne.

Inna yanzu tana zama a kujera a inuwar darbejiya har hantsi, tana cin tuwo da hannun hagu. Goggo ta ce a riƙa ba ta a baki, cin hagu ba kyau. Inna ta harare ta, ta ja kwanon kusa da ita.