Murhun gashi na duro da na saya: cinyar ragon layyata ce ta biya kuɗin makaranta

Tun bayan Babbar Sallah nake so in rubuta wannan amma na bari sai da zuciyata ta huce, don da a ranar na rubuta wallahi faɗa kawai za ku karanta.

Murhun nan da ake ta talla a Facebook, wanda ake kwantar da duro mai lita 200 a yanka masa murfi, a liƙa ƙaramin akwatin wuta a gefe ɗaya, bututun hayaƙi a ɗaya gefen, 'yan boko na ce masa simoka, shi na saya wajen wani mai walda a nan cikin Bauchi. Kuɗin kuwa ko sisi bai rage min ba, kuɗin keken da ya kawo shi Fadaman Mada ma ni na biya. Gwajin farko kaji biyu na sa, suka fito lafiya lau, yara har da siɗe yatsu, to wannan ne ya ruɗe ni na ɗauka na zama sarkin fawa.

Washegarin Sallah na ware cinya guda da kafaɗa, na ce wa uwargida kar a soya, surukina zai zo da la'asar ni zan gasa masa da kaina. Irin wannan gashin ba kamar tsire ba ne da nama ke kallon wuta ido da ido, wutar tana can gefe, zafi da hayaƙi ne ke ratsa naman a hankali, ana so ya tsaya tsakanin digiri 110 zuwa 130 na awa biyar ko shida. Na samo gawayin ƙirya, wanda maƙera ke aiki da shi, ga ƙarfi ga daɗewa, na cika akwatin taf na hura shi duka lokaci ɗaya, ƙarfe tara na safe. Agogon auna zafi da ke jikin murfin ya hau 120 ya tsaya, na jawo kujera ina ta ɗaukar hoto.

Wajen sha ɗaya hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Nan ne na lura ƙofar akwatin wutar ba ta rufuwa ruf, akwai tazarar da ɗan yatsana ke shiga, ga waldar ƙasan duk ƙananan huji kamar rariya. Iska na ta busa ciki, gawayi ya yi jajawur kamar a maƙera, amma allurar agogo 140 kawai take nunawa, na ce ai da sauƙi. Sai ƙauri. Ina ɗaga murfi iska ta samu hanya, kitsen da ya taru a ƙasan duron ya kama bal, har gashin hannuna ya babbake. A rikice na mayar da murfin na cusa jiƙaƙƙen tsumma a bakin bututun sama wai in kashe wutar, wannan kam laifina ne ba na mai walda ba. Wutar ta lafa, amma farin hayaƙi mai kauri ya cika ciki ya rasa hanyar fita, ya zauna a kan naman kusan rabin awa. Waje baƙi ƙirin, kusa da ƙashi kuma jini-jini, ga ɗaci kamar an shafa masa maɗaci.

Baba, wato surukin nawa, ya zo, na kankare inda ya fi dama-dama na kai masa. Ya ci yanka ɗaya, ya kora da ruwa, ya ce "Madalla, Allah ya maimaita mana." Can sai ya juya wajen 'yarsa a hankali ya ce ko da sauran soyayye a gidan. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da safe na kwance agogon na tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa. Ruwa a bakin teku a 100 yake tafasa, mu nan Bauchi da muke kan tudu wajen 98 ne, shi kuwa gogan 70 ya nuna min. Ke nan lokacin da nake zaune ina hoto naman yana cikin wuta ne tuni. Na kira mai waldar, buɗar bakinsa sai cewa ya yi "Haba Alhaji, ai agogon nan ado ne, masu gashi da hannu suke ji." Ado! To me ya sa a tallar shi kuka fara nunawa?

Wani dattijo mai balangu a bakin layinmu ne ya zo ya duba min, ya zagaya shi sau biyu ya ce ƙarfen mai kauri ne, ba banza ba ne, kai ne ba ka san linzaminsa ba. Ya ce yaro wuta daga ƙasa ake riƙe ta, ƙofar da iska ke shiga ita za ka riƙa ragewa ko ƙarawa, bututun sama kuwa kullum a buɗe. Kar ka hura gawayi duka, zuba ɗanye ka ɗora garwashi kaɗan a kai ya riƙa ci a hankali, kuma kar nama ya shiga sai farin hayaƙin ya wuce ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi da kyar ake ganinsa. Ya sa na juya bayan akwatin wajen iska, na ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin ragar, muka toshe hujin da laka da takardar foyil. Na kuma sayi ƙaramar na'urar auna zafi mai tsinke da ake cakawa a nama.

Gaskiya tun daga nan abin ya canza. Makon jiya kwano biyu na gawayi ya riƙe min 120 kusan awa biyar, sau uku kawai na taɓa ƙofar, kuma in ka rage ta sai ka jira minti goma sha biyar kafin ka ga bambanci, ba a garaje. Kaza ta kai 74 a ciki na sauke, ƙirjin ma da ruwansa. Haƙarƙari kuwa da hannu ake zare ƙashin. A ranar har na ji zan iya ce wa kowa ya saya.

Amma dai ina tuna cinyar nan sai raina ya sake ɓaci. Mariƙin murfin ƙarfe ne zalla ko katako ba su sa ba, sau biyu yana ƙona ni. Fentin akwatin wutar ya ɓare tun hurawa ta uku. Ɓangaren da ke kusa da wuta ya fi na wajen bututu zafi sosai, dole ka riƙa sauya wa nama wuri. Kuma murhun da ka biya wannan kuɗin a ce sai ka bi shi da laka kamar rumbu? Mai waldar ya ce zai zo ya gyara ƙofar ranar Asabar, yau Asabar ta bakwai ke nan. Baba kuma ya aiko a gaya min in an yi yanka a ware masa nasa ɗanye.