Hattara masu hoton biki: mai tallan firinta "ta hannu" ya cuci mutum biyu a Kumasi

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto na Aboabo, Asawase, Sabon Zango da kewaye. Abin da ya sami ƙanena a sana'a makon jiya ne ya sa ni wannan rubutu, don wanda ya cuce shi har yanzu yana talla, lamba kawai ya sauya.

Yaron nan shekara biyu yana bin mu wajen aure da suna, yana tara kuɗi don ya sayi firintar da zai riƙa miƙa wa mutane hotonsu tun ba a tashi daga taro ba. Sai ya ga talla a Facebook: firinta samfurin DNP DS-RX1HS, ta hannu, wai daga Amurka, da kwali biyu na takarda da ribon (nadin da ke ɗauke da launi), a kusan rabin kuɗin sabuwa. Mutumin ya ce yana Accra. Ya turo bidiyon firinta tana fitar da hoto tas, ya ce akwai wani mai so, sai a yi sauri. Ya karɓi kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Sunan da ya fito a waya na mace ne, da aka tambaye shi ya ce na matarsa ne. Ranar da kaya suka iso tasha a Asafo, ya ce ba za a saki kwali ba sai an cika ragowar. Yaro ya cika.

A shagona muka buɗe. Firinta ce ta gaske, ta kuma kama wuta. Amma hoton farko da ya fito, na wata amarya cikin baƙin leshi, farin layi siriri ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, daidai kan fuskarta. Na biyu haka, na goma haka, a wuri guda. Muka goge, muka sake, bai gushe ba. Ribon da ke ciki saura kaɗan ya ƙare, kwalayen nan biyu kuwa na wani samfuri ne dabam, ba sa shiga. Kafin magariba lambar mutumin ta daina shiga. Da labari ya bazu, wani abokin sana'armu ya nuna mana wannan bidiyon sak a wayarsa. Shi ma mutumin ya cuce shi, ko kwali bai gani ba.

Bari in yi bayanin layin nan, don nan ne cutar take. Irin wannan firinta ba ta fesa tawada. Akwai wani kai mai zafi a ciki da ke ɗora launi daga ribon zuwa takarda sau uku, rawaya, ja-ja, shuɗi, sannan a karo na huɗu ya shafa abin da ke kare hoto daga ruwa da yatsa. Shi ya sa hoto ke fitowa a bushe, baƙo ya sa a aljihu ya tafi. Idan ɗigo ɗaya a kan nan ya mutu, kowane hoto zai fito da layi a wuri ɗaya. Ƙura ana gogewa, mataccen kai kuwa sai canji, kuma shi ne mafi tsada a cikin injin gaba ɗaya. Bidiyo ba ya nuna wannan, balle in farin hoto aka buga.

Don haka ka je da kanka. Kuɗin motar Accra zuwa da dawowa bai kai abin da yaron nan ya rasa ba. Ka tafi da kwamfutarka da hotunanka, musamman masu duhu da masu fuska kusa, ka buga goma a jere ka duba su a hasken rana. Manhajar firintar tana nuna yawan hotunan da ta buga tun tana sabuwa, ka ce a buɗe maka wurin. Wanda ya ƙi, ka bar masa kayansa.

Sai batun takarda, wanda mutanenmu ke mantawa. Kowane samfuri da nasa ribon, injin yana karanta shi, ba ya karɓar na wani. RX1HS tana cin nadi mai hoto 700 na inci 4x6, wani samfurin DNP mai suna DS620 kuwa 400. Tun kafin ka yi ciniki ka gano wanda ke sayar da takardar wannan samfurin a Adum ko a Accra, ka ji farashinta, ka raba da yawan hotuna don ka san abin da kowane hoto zai ci maka.

A ganina, mai farawa ya fi masa ya sayi ƙaramar firinta Canon Selphy sabuwa a shago da rasit. Fakitinta na KP-108IN hoto 108 ne, tana ɗaukar sama da daƙiƙa 40 kan kowane hoto, alhali RX1HS ba ta kai 15 ba. Ba za ta ɗauki babban aure ba, amma ta isa suna da walimar saukar karatu har kuɗi su taru.

Wanda ya riga ya tura wa mutumin nan kuɗi, kada ya goge komai. Ya ajiye saƙon MoMo mai lambar ciniki, hirar WhatsApp da hoton tallan, ya sanar da kamfanin layinsa nan take, ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Mu mun kai tamu ranar Litinin. Wanda aka turo wa bidiyon firinta a kan jan teburin roba, ana jin rediyo a baya, don Allah ya yi mini magana mu haɗa shaidarsa da tamu.