Ƙaramar tasha ta yi mana halacci, amma da sauran gyara

Mu Sakkwatawa jirgin ƙasa sai dai mu ji labari. Kafin ka taka shi sai ka sha mota daga Birnin Shehu, ka bi Talata Mafara da Gusau da Funtuwa da Zariya, ka isa Kaduna a jigace. Haka muka yi da Inna, za mu sunan jikanta a wani ƙauye da ke kan layin Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe a 2016. A tashar Rigasa da ke Kaduna muka hau, tikiti kuma ta waya na yanka da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kamar kowa.

Tashar da muka sauka ƙarama ce, sunanta ba zan kama ba. Jirgi ba ya daɗewa a nan, yana tsayawa yana shirin tashi. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga kaya, ga masu turereniyar shiga. Sai da ya ɓace mana da gani Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, jakata!" A ciki akwai maganinta na hawan jini da katin asibiti da turmin atamfar maijego.

Ni dai na sallama jakar. Sai wani dattijo cikin ma'aikatan ya matso ya rusuna ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, in Allah ya yarda ba za ta kwana a Abuja ba." Ya tambaye ni lambar tarago da ta kujera, ya buga wa abokin aikinsa da ke cikin jirgin, ya kwatanta masa jakar har launin igiyarta. Daga nan ya shimfiɗa mata tabarma a ofishinsa ƙarƙashin fanka, ya kawo buta ta yi alwala, ya aiki wani yaro ya sayo mata fura. Bayan la'asar jirgin da ke komawa Kaduna ya tsaya, aka miƙo jakar, ko allura ba a taɓa ba. Na dunƙule 'yan kuɗi zan ba shi, ya ja da baya ya ce, "Haba Malam, ai ni ma uwata ce." Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni. Har yau Inna na sa masa albarka.

To amma zaman jiran nan ya sa na ga abin da mai wucewa ba zai gani ba. Banɗaki ba ruwa. Kujerun jira kaɗan ne, mata da goyo suna raɓe a gindin bango. Ba mai gaya maka ko jirgi ya makara, sai ka yi ta leƙen layi. Da muka fito kuma babu mota ko ɗaya, sai 'yan kabu-kabu da suka ga baƙi suka ninka kuɗi, ga magariba ta kawo kai. Wanda ya tuna harin 28 ga Maris 2022, da ya tsayar da jirgin nan har zuwa Disamba, ba zai so duhu ya same shi a dajin ba. Ina yabon dattijon, amma tashar kanta ba zan ce a je da tsoho ba sai an tanadi mai ɗauko ku.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne, ko wannan mai banɗaki ba ruwa mu ba mu da ita. Turawa sun ja layi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, suka tsaya nan. Da aka yanki Zamfara a 1996, har guntun da muke tinƙaho da shi ya bar jiharmu. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuwa ta Katsina ya bi, ko ƙurarsa ba za mu gani ba.