Talla a cikin bas: mai sauti ko mai shiru?

Allon talabijin da ake maƙalawa a cikin bas da jirgin ƙasa iri biyu ne, akwai mai sauti, akwai mai shiru.

Mai sauti shi masu talla suka fi so, domin fasinja ba shi da wurin gudu. Mutum na iya kau da ido, kunne kuwa ba shi da marfi. Wanda ya taso daga aiki a gajiye, yana son ya ɗan runtsa ko ya amsa waya, dole ya yi ta jin talla ɗaya ana maimaita ta har ya sauka. Wani lokaci ma sautin kan danne sanarwar tasha ta gaba. Shi ya sa wasu ke toshe kunnuwansu, wasu kuma haushinsu ya koma kan kayan da ake tallatawa.

Mai shiru hoto ne da rubutu kawai, don haka saƙon ba ya isa ga makaho. Duk da haka ni shi na fi so, musamman idan ana nuna sunan tasha da lokacin isa a tsakanin tallace-tallacen, tunda fasinja ya riga ya biya kuɗin motarsa.